Daga Bariki Zuwa Bakin Sana'a: Abin da Dokokin Amurka Suka Tanadar wa Tsofaffin Sojoji da Masu Koyon Aikin Hannu

Ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata ƙatuwar doka ta haraji da kashe kuɗi. Cikinta akwai wani sashe da hayaniyar siyasa ta danne. Sashen ya buɗe tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wanda ake kira Pell, ga masu gajerun kwasa-kwasan sana'a na mako 8 zuwa 15, aka kuma sa 1 ga Yulin 2026 ranar fara aiki da shi. Tun a watan Afrilun shekarar ya riga ya ba da umarni a tsara yadda yawan 'yan koyon sana'a masu rajista zai kai miliyan 1. A jihohi kuma da wuya shekara ta wuce ba a gabatar da ƙudurin da ke alƙawarin amincewa da horon da sojoji suka samu a bakin aiki ba.

Mai karanta kanun labarai zai ɗauka cewa soja na tuɓe kaki sai a miƙa masa lasisi, ko kuma gwamnati za ta ɗauki nauyin duk mai son koyon walda. Abin bai kai nan ba. Kuɗin horo yawanci daga Washington yake fitowa, amma izinin yin sana'a yana hannun jihohi 50, kuma kowace da nata sharuɗɗan. Yawancin ruɗanin da ke tattare da waɗannan dokoki daga wannan rabon iko ya samo asali.

## Takardu uku, kowace da mai ba da ita

Akwai takardar kammala kwas, wadda makaranta ke bayarwa. Ita shaida ce kawai cewa mutum ya zauna a aji ya gama. Akwai takardar ƙwarewa, wadda wata ƙungiyar masu sana'a ko hukumar jarrabawa mai zaman kanta ke bayarwa bayan ta gwada mutum, kamar yadda ƙungiyar masu walda ta Amurka ke yi. Masu ɗaukar aiki na girmama ta, amma doka ba ta cika tilasta ta ba. Sai lasisi, wanda gwamnati ce kaɗai ke ba da shi, kuma yin aikin ba tare da shi ba laifi ne. Mai aikin lantarki, mai aikin famfo, nas, direban tirela, duk a yawancin wurare sai da lasisi. A shekarun 1950 kusan ma'aikaci 1 cikin 20 ne ke buƙatar lasisi a Amurka. Wani rahoto da fadar shugaban ƙasa ta fitar a 2015 ya nuna adadin ya kai kusan 1 cikin 4.

Koyon sana'a mai rajista shi ma yana da ma'anarsa ta doka, tun daga dokar 1937 da ta kafa shi. Ya yi kama da yaron gareji da ke ƙarƙashin oga har ranar yaye shi, sai dai nan akwai yarjejeniya a rubuce, ana biyan ɗan koyo albashi tun ranar farko, albashin na ƙaruwa yayin da hannunsa ke faɗawa, kuma ana ƙirga sa'o'insa. Abin da aka saba shi ne sa'o'i 2,000 na aiki da 144 na aji a shekara. Mai koyon lantarki kan cika sa'o'i 8,000, wato shekara 4 zuwa 5, kafin ya zauna jarrabawar lasisi.

Tsohon soja kuwa, a dokar Amurka, ba lallai ne dattijo mai cin fansho ba. Saurayi ko budurwa da suka yi kwantiragin shekara 4 suka fita suna da shekara 22 suna cikin lissafi. Kimanin mutum 200,000 ne ke barin aikin soja kowace shekara, kuma mafi yawansu ba su cika shekara 20 ɗin da ake buƙata kafin fansho ba. Suna fita ne su nemi abin yi nan take.

## Yadda aka zo nan

Tushen maganar shi ne dokar GI Bill, ta tallafa wa tsofaffin sojoji, da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a watan Yunin 1944, yaƙin duniya na biyu bai ƙare ba. Ana tsoron miliyoyin sojoji su dawo gida su tarar babu aiki. Kafin shirin ya ƙare a 1956, mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko horo da shi. An fi tuna waɗanda suka shiga jami'a, amma su kusan miliyan 2.2 ne. Ragowar kuwa makarantun sana'a suka shiga, ko horo a bakin aiki, ko koyon noma. Baƙaƙen fata da dama, musamman a jihohin kudu, ba su ci moriyarsa yadda ya kamata ba, domin jami'an yankunansu ne ke raba shi, su kuma suna bin tsarin wariyar launin fata na lokacin. Tun a nan aka ga cewa mai riƙe da ƙofa a jiha na iya rage wa dokar tarayya ƙarfi.

Daga baya ƙasar ta karkata ga digiri. Makarantun sakandare da yawa suka rufe ɗakunan koyon kafinta da kanikanci, iyaye suka riƙa ganin aikin hannu a matsayin na wanda karatu ya gagara. Yanzu tsofaffin magina da masu lantarki suna ritaya, bashin karatun jami'a ya yi wa matasa katutu, ga kuma manyan ayyuka da dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 da dokar masana'antun ƙananan na'urorin kwamfuta ta 2022 suka buɗe. Kamfanonin gini sun daɗe suna kukan ƙarancin ƙwararru.

Ɓangaren sojoji kuma ya taso ne bayan yaƙoƙin Iraƙi da Afganistan. A 2011 rashin aiki tsakanin waɗanda suka yi soja bayan harin Satumban 2001 ya kai kashi 12.1 cikin 100, sama da na sauran jama'a. Wannan ya kunyata manyan jam'iyyun ƙasar biyu. A Nuwamban shekarar Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa sojoji halartar shirin shirya su ga rayuwar farar hula kafin sallama. A 2012 aka ƙara wata da ta umarci hukumomin tarayya su riƙa lissafa horon soja idan su ne ke ba da lasisi. Jihohi suka bi sahu da nasu dokokin.

## Inda kuɗin ke fitowa

Ba asusu ɗaya ba ne. Dokar Perkins, wadda aka sabunta a 2018, tana raba wa jihohi kimanin dala biliyan 1.4 a shekara domin koyar da sana'a a sakandare da kwalejojin shekara biyu. Wannan kuɗi makarantu ake ba, su sayi injin walda ko su ɗauki malami, ba ɗalibi ba. Dokar bunƙasa ma'aikata ta 2014 kuma ita ke riƙe da ofisoshin neman aiki, inda tsofaffin sojoji ke da fifiko a layi.

Wanda ke shiga aljihun tsohon soja kai tsaye shi ne sabon GI Bill na 2008. Yana biyan karatu har na wata 36, kuma sai wanda ya yi aikin soja na wata 36 yake samun cikakkensa, in ba an sallame shi saboda rauni ba. Tun daga Oktoban 2011 ya haɗa da masu koyon sana'a. Idan tsohon soja ya shiga koyon aikin famfo, yana karɓar albashin ɗan koyo daga kamfani, gwamnati kuma ta ƙara masa alawus ɗin haya: cikakke a wata shida na farko, kashi 80 a shida na biyu, sai 60, sai 40, sai 20. An tsara shi ya riƙa sauka daidai lokacin da albashin ke hawa. Ga mai mata da 'ya'ya, wannan alawus shi ne abin da ke sa ya iya jure ƙaramin albashin shekarar farko.

Akwai kuma SkillBridge, shirin da ke ba soja damar yin kwanakinsa 180 na ƙarshe yana koyon aiki a wani kamfani, soja na ci gaba da biyansa. Sai dai kwamanda na da ikon hanawa idan rundunar na buƙatar mutumin.

Sabon tallafin Pell na gajerun kwasa-kwasai ba na sojoji kaɗai ba ne, na duk ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ne. An ɗaure shi da sharuɗɗa: kwas ɗin ya kasance tsakanin sa'o'i 150 da ƙasa da 600, gwamnan jiha ya amince cewa sana'ar ana nemanta, kashi 70 na ɗalibai su gama, kashi 70 kuma su samu aiki.

## Direba ya tsallake, malamin lafiya ya maƙale

A nan ne ake ganin abin da "amincewa da horon soja" ke nufi a aikace, domin sana'o'i biyu sun sha bamban ƙwarai.

Sojan da ya yi shekara biyu yana tuƙa babbar mota ba tare da mummunan tarihi ba yana iya cike wani fom, kwamandansa ya sa hannu ya bayyana irin motar da ya tuƙa, mai birkin iska ce ko a'a, mai giyar hannu ce ko otomatik. Idan ya kai fom ɗin ofishin lasisi cikin shekara guda da barin aikin tuƙin, za a yafe masa gwajin tuƙi. Duk jihohi suna karɓa, wasu ma sun yafe rubutacciyar jarrabawar ga waɗanda tuƙi ne ainihin aikinsu a soja. Akwai ɗan tarnaƙi: wanda otomatik kaɗai ya tuƙa, za a rubuta masa haka a lasisin, ba zai hau tirela mai giyar hannu ba sai ya sake gwaji. Duk da haka hanyar a buɗe take. Dalilin sauƙin kuwa shi ne, ƙa'idojin lasisin manyan motoci gwamnatin tarayya ce ta shimfiɗa su, jihohi aiwatarwa suke yi. Haka abin yake ga kanikawan jirgin sama: hukumar sufurin sama ta tarayya tana lissafa watannin da soja ya yi yana gyaran jirgi, wata 18 don fanni ɗaya, 30 don fanni biyu, sannan ta bar shi ya zauna jarrabawa.

Malamin lafiyar sojan ƙasa kuwa labarinsa daban ne. Yana yin horon mako 16 a San Antoniyo ta jihar Texas, yana fita da takardar ma'aikacin motar asibiti na matakin farko. A fagen daga yana sa ƙarin ruwa, yana ɗaure jijiyar da ke tsartuwar jini, yana ba da allurar kashe zafi, wani lokaci har ya huda maƙogwaro ya buɗe wa wanda ya ji rauni hanyar numfashi. Ranar da ya dawo gida, takardar da ke hannunsa ba ta ba shi izinin yin yawancin waɗannan ba. Idan yana son zama nas, a wurare da yawa sai ya koma aji tare da waɗanda ba su taɓa ganin jini ba.

Ga mai kallo daga nesa wannan rashin adalci ne tsantsa. Hukumomin lasisi suna da amsarsu, kuma ba amsar banza ba ce. Majinyatan malamin soja matasa ne majiya ƙarfi da harsashi ko bam ya raunata. Waɗanda motar asibiti ke ɗaukowa a gari kuwa tsohuwa ce mai ciwon zuciya da ke shan magani kala takwas, ko jariri mai zazzaɓi, ko mace mai naƙuda, ko mai ciwon suga da ya suma. Mutum na iya fin kowa iya tsayar da jini, ya kuma kasance bai taɓa karanta awon zuciya ba. Shi ya sa mafitar da aka fi runguma ita ce kwas ɗin cike giɓi: a auna abin da ya sani, a koya masa abin da ya rage, maimakon a mayar da shi farko. Asibitocin ma'aikatar tsofaffin sojoji sun ƙirƙiri wani matsayi tun 2012 da ke ba irin waɗannan malamai damar aiki da ƙwarewarsu ƙarƙashin kulawar likita. Dabarar ma tsohuwa ce. Aikin mataimakin likita, wanda yau sana'a ce mai daraja a Amurka, an fara shi a Jami'ar Duke a 1965 da tsofaffin malaman lafiyar sojan ruwa.

Akwai kuma matsalar lafazin dokokin jihohi. Wata doka tana cewa hukumar lasisi "za ta" lissafa horon soja, wata tana cewa "tana iya" lissafawa. Kusan dukkansu suna sharɗanta cewa horon ya yi daidai da na farar hula, kuma hukumar da kanta ce alƙalin wannan daidaito. Mai lantarkin da ya yi shekaru yana wayarin a jirgin ruwan yaƙi zai iya samun a rage masa sa'o'i masu yawa a wata jiha, a maƙwabciyarta a ce masa bai san ƙa'idojin wayarin gidaje ba. Dukansu biyun suna cikin doka.

## Masu goyon baya, da inda suka rabu

Da wuya a samu ɗan majalisar da zai fito ya ce yana adawa da taimakon tsofaffin sojoji. Gardamar tana kan yadda za a yi.

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suna cewa jama'a sun riga sun biya kuɗin horon nan da harajinsu, biya na biyu asara ne. Hukumomin lasisi da ƙungiyoyin nas-nas suna cewa lasisi kariya ce ga majinyaci da mai gida, bai kamata ya zama tukuicin bautar ƙasa ba. Wasu masana tattalin arziki, na dama da na hagu, suna ganin duka biyun sun kauce wa ainihin ciwon: lasisin ne ya yi yawa, kuma masu sana'ar da ke zaune a hukumomin suna da moriya wajen rage masu shigowa. A ganinsu, buɗe wa soja taga alhali ƙofa na rufe ga kowa ba gyara ba ne. Jihar Arizona ta bi wannan ra'ayi a 2019, ta fara karɓar lasisin sauran jihohi daga duk wanda ya koma can da zama, kuma jihohi da dama sun kwaikwaye ta.

A fagen gini, rigimar tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago ce da 'yan kwangilar da ba sa aiki da su. Ƙungiyoyin ƙwadago ne ke tafiyar da yawancin manyan cibiyoyin koyon gini, kuma tun 2003 suke da shirin Helmets to Hardhats mai janyo sojoji zuwa cikinsu. Suna son kuɗin gwamnati ya tsaya kan tsarin rajista mai tsauri. 'Yan kwangilar suna cewa rajistar tana da jinkiri da yawan takardu. Gwamnatin Trump ta farko ta fito da wani tsari a 2020 da ya ba masana'antu damar tantance shirye-shiryensu da kansu, ko da yake ta cire aikin gini daga ciki. Gwamnatin Joe Biden ta soke shi a 2022. Ɗan koyon da zai shekara biyar yana iya ganin an sauya ƙa'ida sau biyu kafin a yaye shi.

Kan gajerun kwasa-kwasai kuma, masu ɗari-ɗari suna da tarihin da suke nunawa. Wata tsohuwar doka ta hana makarantun kuɗi masu neman riba samun fiye da kashi 90 na kuɗin shigarsu daga tallafin tarayya, amma ba a lissafa kuɗin GI Bill a ciki. Sai tsohon soja ya zama abin farauta, domin kowane ɗaya da aka kama yana ba makaranta damar ɗaukar wasu da dama da kuɗin gwamnati. Lokacin da biyu daga cikin irin waɗannan makarantu suka durƙushe, Corinthian Colleges a 2015, ITT Tech kuma a 2016, dubban tsofaffin sojoji suka tashi ba takarda, watannin tallafinsu kuma sun tafi. Sai a 2017 majalisa ta mayar wa wasunsu haƙƙinsu, a 2021 kuma ta toshe kafar. Sharuɗɗan kashi 70 da aka sa a sabon Pell an sa su ne don a hana irin haka. Masu goyon bayansa na cewa sun isa. Masu shakka na cewa samun aiki bayan kwas ɗin mako takwas ba ya nufin aikin zai riƙe iyali.

Ita kanta rundunar soja tana tsaka mai wuya, ko da yake ba ta cika faɗa ba. Duk sauƙin da aka yi wa ƙwararren kanike na samun aiki a waje, sauƙin barinta aka yi masa. A ɗaya gefen kuma, alƙawarin fita da sana'a na cikin abin da take jawo matasa da shi.

## Wa abin zai taɓa, kuma ta yaya

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne sojan da aikinsa ke da takwara a waje kuma ya fara shiri tun yana ciki: ya ci jarrabawar ƙwarewa da kuɗin rundunarsa, ya tara shaidar sa'o'insa, ya karɓi takardar da ke fassara kwasa-kwasan soja zuwa makin kwaleji. Wannan takarda shawara ce kawai, kwaleji na iya karɓa ko ta ƙi. Sojan da bindiga ce aikinsa ba shi da abin da za a fassara masa zuwa lasisi, don haka kuɗin horo ne ke amfanarsa, ba dokar amincewa ba. Wanda kuma aka sallama ba da sallamar girmamawa ba ya rasa GI Bill, alhali sau da yawa shi ne ya fi buƙata.

Iyalan sojoji sun samu nasu rabon a dokar da Biden ya sa wa hannu a Janairun 2023. Matar soja da ke da lasisin nas ko koyarwa, idan aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, sabuwar jihar za ta karɓi lasisinta. Mutane kan ɗauka wannan ya shafi tsofaffin sojoji. Bai shafe su ba, na waɗanda ke bakin aiki ne da abokan zamansu.

Ga matashin da bai taɓa soja ba, sabon Pell na iya biya masa kwas ɗin tuƙin tirela ko matakin farko na walda. Amma gurbin ɗan koyo mai albashi kamfani ne ke buɗe shi, ba majalisa ba, kuma idan aikin gini ya ja baya gurabun kan ragu komai yawan kuɗin da aka ware. Mai gidan da ke jiran mai gyaran famfo ma kada ya sa ran farashi ya sauko da wuri, tunda wanda ya fara koyo bana sai bayan shekara huɗu ko biyar zai tsaya da ƙafarsa.

'Yan Najeriya, Nijar ko Gana da ke da takardar zaman dindindin a Amurka suna iya shiga sojan ƙasar, kuma idan sun fita suna da duk waɗannan haƙƙoƙi kamar kowa. Wanda ya yi soja a ƙasarsa ta haihuwa kafin ya yi ƙaura kuwa ba ya cikin waɗanda dokokin ke nufi. Ko ya yi shekara 20 yana gyaran motocin bariki, ko ya wuce ta cibiyar koyar da sana'a ta masu shirin ritaya da ke Oshodi a Legas, hukumar lasisi za ta duba takardunsa ne a layin sauran baƙi masu horon ƙasar waje, jiha bayan jiha.